Maratayin Tawul ɗin Yaya

Shekarar da na gama makarantar horar da malamai na dawo gida ina jiran aiki, a shekarar ne Yayanmu ya yanke shawarar cewa gidanmu na buƙatar banɗaki irin na otal. Yana aiki a Abuja, mu kuwa muna ƙauyenmu na gefen Minjibir, inda gona ke farawa daga bayan katangar kowa. Makewayinmu na da bai taɓa yi wa kowa laifi ba. Sai dai Yaya ya taɓa zuwa da abokin aikinsa, baƙon ya nemi zagayawa, ya fito yana kallon takalmansa. Tun daga ranar Yaya bai sake samun sukuni ba.

Bayan an cire gyaɗa aka yi ginin, aka manna tayil fari ƙal har sama. Yaya ya zo da kwali cike da ƙarafa masu sheƙi, da wani mai haɗa famfo daga birni, da janareton haya. Akwai mazaunin sabulu, akwai madubi, akwai wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa da ya ce na takarda ne, Inna ta tambaya wace takarda, ya yi kamar bai ji ba. Babbansu shi ne maratayin tawul mai hawa biyu, wanda ya turo daga bango kusan kamu guda.

Abin da Yaya ya fi alfahari da shi bai wuce cewa ba za a ga kan noti ko ɗaya ba. Ya tsayar da mu ya yi mana bayani. Ana huda bango, a ɗaure wani ɗan faifan ƙarfe, sannan a kifa ƙafar maratayin a kansa ta rufe shi ruf. A ƙarƙashi akwai wani rami kamar na ƙwayar gero, nan ake zura ɗan siririn makulli a murɗa.

"Baba, a ƙasashen da suka ci gaba, ganin ƙusa a bango abin kunya ne," in ji shi.

Baba ya shafa ƙarfen, ya leƙa sama, ya leƙa ƙasa. "To me ya riƙe shi?"

"Yana ciki."

"Allah ya sa yana ciki," Baba ya ce, ya koma shimfiɗarsa.

Famfon ba ruwa, domin tankin sai wata shekarar. Ƙofa ma ba a sa ba, kafinta bai gama ba. Yaya ya ɗauki hotuna ta kowace kusurwa, ya koma Abuja. Mai haɗa famfo ya bi shi a mota zuwa birni da ɗan makullin a aljihunsa.

Da kafinta ya kafa ƙofar ne muka gane halin da muke ciki. Ƙofar ciki take buɗewa, maratayin kuma yana bayanta daf da kusurwa. Da ka tura kaɗan sai ka ji ƙwas, ta tsaya. Siririn mutum zai shiga a karkace. Bokiti kuwa ba ya wucewa sai an karkata shi, rabin ruwan da ka jawo daga rijiya ya ƙare a ƙafarka. Kawu, ƙanin Baba, mutum ne mai tumbi, ya zo ganin banɗakin da ake ta labari, ya zura kai da kafaɗa ɗaya, ya ce madalla, ya yi kyau, iya abin da ya gani ke nan.

Kafinta ya ce a juya ƙofar ta riƙa buɗewa waje. Aka buga wa Yaya waya. Ya ce kada a kuskura, ƙofar banɗaki ba ta buɗewa waje a ko'ina cikin duniya, a dai cire maratayin a matsar da shi, aikin minti kaɗan ne. Mai haɗa famfon kuma wayarsa ta daina shiga.

Nan maza suka samu abin yi. Bayan la'asar sai ka ga maƙwabta sun shigo ɗaya bayan ɗaya, masu iya shiga su shiga, sauran su ba da shawara daga waje. Wani ya ce gam ne, a zuba ruwan zafi. Wani ya ce maganaɗisu ne, ya taɓa gani a waya. Mai gyaran babur na bakin kasuwa ya kwanta rigingine a kan tayil da fitilar wayarsa, ya gano ramin, ya gwada duk abin da ke cikin jakarsa, babu wanda ya shiga. Ya tashi yana kaɗe riga ya ce wannan ba aikin ƙasar nan ba ne. Kawu ya kawo shawarar guduma, Baba ya ce ba ya son rigima da Abuja.

Inna ba ta taɓa rataya ko tsumma a kan ƙarfen ba. Ba ta kiran sunan Yaya saboda ɗan fari ne, sai dai ta ce "wancan". "Abin da wancan ya manna, ban ga abin da ya riƙe shi ba, ba zan ɗora masa zanena ya faɗa ruwa ba." A kafaɗa take shiga da zanen, ta fito da shi a jiƙe.

Haka muka yi har damina ta kawo kai. Wata safiya Baba ya shiga a karkace, bokitin ya kife masa a riga, ga shi zai tafi ɗaurin aure a garin Makoda. Da ya dawo ya kira kafinta aka ciro ƙofar ɗungurungum, Inna ta rataya tsohon labule a bakin. Ƙofar kuma aka kai ta turken awaki, inda dama ake neman abin tare iska.

Yaya ya zo sunan ɗan ƙanwarmu. Ya tsaya gaban labulen ya daɗe. Na ɗauka zai yi faɗa, sai ya juyo ya tambaye ni a hankali ko baƙi sun gani. Na ce duk garin sun gani.

Ya zo da nasa makullin, sabo cikin leda. Ya tara mu kamar wancan karon, ya durƙusa da farar shaddarsa, ya murɗa, ya ɗaga maratayin ya fito salin alin. A bayansa faifan na lilo. Ramin da aka huda ya yi wa notin faɗi, bulon ya zube ya zama yashi, mai aikin ya cusa tsinken tsintsiya da guntun ledar biredi ya matse. A ɗaya ƙafar ma noti ɗaya ne, ɗaya ramin fanko. Yaya ya taɓa faifan da yatsa, ya faɗo a tafin hannunsa, yashi ya biyo baya.

Ba wanda ya yi dariya, saboda akwai surukai a tsakar gida. Inna ta miƙa hannu ta zare tsinkayen, ta duba. "Ashe nan tsintsiyata ta tafi," ta ce, ta wuce wajen tukwane.

Yaya ya ce zai turo ƙwararre daga Abuja ya cike ramukan ya mayar da komai yadda ya kamata, kafin nan kada kowa ya taɓa. Ya nemi a dawo da ƙofar, Baba ya ce awaki sun saba da ita, a bari sai bayan damina. Ƙwararren bai zo ba har na samu aiki na bar gida. Ramukan na nan a bangon, zanzaro ya yi gida a biyu daga ciki. Maratayin kuwa Inna ta ɗora shi a kan bulo biyu a tsakar gida, tana shanya ludayi da marfin tukunya, ta ce ba ya tsatsa.