Dodon da Na Saukar a Kwatarkwashi

Shekarun baya, lokacin da na gama makaranta ina zaman jiran aiki a Gusau, ba ni da sana'ar da ta wuce danna waya. Akwai wani guruf da nake ciki na masu son labaran tsoro, irin dodannin nan da ake ƙirƙira a intanet, a haɗa masu hoto mai duhu-duhu, a ce an gan su a wuri kaza. Mu kuma muna da wasanmu da muke kira "Ɗan ina ne?" Sai wani ya turo hoton dodo, a hau musu a kan asalinsa: wace ƙasa, wace ƙabila, me yake ci, me ya kawo shi. Wata mai doguwar suma da ke laɓewa a bayan madubi an ba Japan ita. Wani ƙato mai bin layin dogo cikin ƙanƙara an ce ɗan Rasha ne, har da cewa ba ya shan shayi da sukari. Haka muke raba su kamar naman layya, kullum ƙasashen wasu ke samu.

Wata rana aka turo wani sabo. Dogo ne siriri, wuyansa a karkace, yana tsaye a bayan itatuwa, ba a ganin bakinsa. Labarinsa shi ne yana ara muryar wanda ka sani ya kira sunanka, in ka amsa ya biyo ka. Nan take 'yan guruf suka ce Ba'amurke ne. Ni kuwa raina ya sosu, na ce wannan karon ba za a yi mana ƙwace ba. Tun ina yaro mahaifiyata ke hana mu amsa kira da tsakar rana in ba mu ga mai kiran ba. Na rubuta masu cewa wannan namu ne, gidansa na cikin duwatsun Kwatarkwashi, can wajen su mahaifiyata, kuma sunansa Mai Kira. Na tsara masa tarihi tsaf, har da inda yake shan inuwa.

Abokina, wani ɗan Tsafe mai shegen iya tsokana, ya ce bai yarda ba, ai su ma suna da duwatsu. Da musu ya yi tsawo sai aka yi sulhu: an haife shi a ƙetare, amma ya yi ƙaura ya sauka Kwatarkwashi. Sai abokin nan nawa ya ƙara nasa gishirin. Ya ce, "Tunda kai ka yi mai masauki, da bakinka za shi magana. Yadda za a gane shi, Kananci yake yi."

Dariya ce aka yi mini, don kowa ya san ni. A Kano na tashi, can mahaifina ya yi aikin gwamnati, sai da ya yi ritaya muka dawo Gusau. Bakina ya ƙi juyawa, ni ma ban so ya juya ba. In mahaifiyata ta ce "mi kac ce?" sai in kwaikwaye ta ina dariya, ita kuwa ta ce, "Yi dai, Bakano. Nonon da kash sha ba na Kano ba na."

Abokina bai tsaya nan ba. Ya naɗi saƙon murya, ya shaƙe murya kamar mai wa'azi, yana gargaɗin jama'ar yankin Bungudu, inda Kwatarkwashi take, a kan Mai Kira, ya turo guruf. Muka yi ta sheƙa dariya, muka wuce zuwa wani dodon. Wanda ya fitar da saƙon daga guruf, har yau ban san shi ba.

A ƙarshen daminar wannan shekarar aka yi haihuwa a gidan kawuna, a wani ƙauye da ke gindin duwatsun. Mahaifiyata ba ta jin daɗin jikinta, sai ta aike ni suna. Tun da na sauka na lura da wani abu. Ana cikin hidima, wata mata ta ƙwala wa 'yarta kira daga bayan danga, yarinyar na zaune kusa da ni tana tsince shinkafa, ta yi kunnen uwar shegu. Sai da uwar ta zagayo, suka haɗa ido, sannan ta ce na'am. Ba wanda ya yi mata faɗa.

Na tambayi yayar mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Ta rage murya ta ce, "Ba ka jiya ba? Wani abu ya sauka cikin dutsin ga. Ga waya anka hwaɗi. Daga ƙasar Turawa yat taho, shina kiran mutane da muryar 'yan'uwansu. Amma Allah ya tona mai asiri, bai iya maganarmu ba, Kananci yakai."

Na danne dariya da ƙyar. Na ce, "Inna, ai wasa ne, mu muka..." Ta daka mini tsawa, ta ce ba a wasa da mutanen ɓoye, in rufa mata baki a gidan suna. Na rufe. Gaskiya ma wani daɗi na ji, irin na marubucin da labarinsa ya karɓu. A raina na ce bari in je in ɗauko wa 'yan guruf hoton gidan Mai Kira, su san dodona ya fi nasu.

Bayan azahar na sulale ban gaya wa kowa ba. Dawa ta yi tsawo ta fi ƙarfin kaina, na bi wata 'yar siririyar hanya a tsakiyarta har na ɓulla gindin dutse. Ina ja da baya, waya a sama, ina neman inda dutsen zai fito da kyau, sai ƙasa ta zame a ƙarƙashina. Ashe bakin kwazazzabo ne da ciyawa ta rufe. Na ji ƙarar ƙafata tun kafin in ji zafinta. Wayar kuwa ta daki dutse ta tarwatse.

Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Ni nawa ba na mugunta ba ne, amma zurfinsa ya fi tsawon mutum biyu, gefensa kuma yumɓu ne mai santsi. Na gwada miƙewa, na ga wuta. Da na ɗaga kai sai na ga abin da ya fi karayar tayar mini da hankali: hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Na dubi inda nake zaune, yashi ne lallausa da tarkacen kara a maƙale a jikin bango, sama da kaina. Ko ni ɗan birni na gane ma'anarsa. In aka yi ruwa, duk abin da ya sauko daga kan dutsen nan ta wannan kwazazzabo yake bi.

Can na ji motsi cikin dawa, da muryar mutum yana 'yar waƙarsa. Ɗan kawuna ne, magidanci, ya zo kwance awakinsa kafin ruwa. Wani sanyin daɗi ya ratsa ni. Na tattara ƙarfina na kira sunansa, na ce, "Zo ka taimake ni! Ga ni nan a ƙasa, na faɗa rami!"

Waƙar ta tsaya cak.

Na sake kira. Shiru. Ina jin numfashinsa ma, don bai fi 'yan taku tsakaninmu ba. Sai na ji yana karanto addu'a da sauri-sauri. Na ce, "Haba, ni ne fa! Me ya sa ba za ka amsa ba?" Ina rufe baki na ji karan dawa na kakkaryewa, ƙafa me na ci ban ba ki ba. Har awakin ya bari.

Sai a lokacin na ji abin da kunnensa ya ji. Murya ce ta wanda ya sani, daga wurin da ba a ganin kowa, da rana, a gindin dutsen nan, kuma cikin Kananci tsantsa. Babu abin da muka rubuta wanda ban cika ba. Na taɓa jin tsoro a rayuwata, amma ban taɓa jin irin na ranar ba, domin duk ƙarfin da zan ƙara wa kirana, ƙara korar mutane zai yi. Kuma ba zan ɓoye maku ba, da iska ta fara kaɗa dawa tana wani irin shuu, ni da kaina na fara waiwaye. Na ƙi ɗaga ido sama sosai, kada in ga wani dogon abu mai karkataccen wuya yana leƙo ni. Ni da na san inda aka ƙera shi.

Wasu mata ma sun wuce da sauri, ina jin ƙarar kwanoninsu. Na yi masu sallama. Ɗaya ta yi salati, suka zuba da gudu.

Aka fara yayyafi, sannan aka tsuge. Da farko ruwan sama kawai ke dukana. Jim kaɗan sai na ji wani gurnani daga wajen dutse, ga jan ruwa ya taho yana tura kara da ganye. Ya rufe mini ƙafafu, ya hau cinya. Na ja jiki na kama wata saiwa, ƙafar da ta karye tana lilo cikin ruwa, azaba kamar raina zai fita. Na yi kalmar shahada. Na tuna mahaifiyata tana kwance a Gusau, za a je a ce mata an tsinci ɗanta a fadama.

Ban san lokacin da bakina ya ɓalle ba. Na dai ji kaina ina kururuwa kamar ƙaramin yaro: "Wayyo Inna! Inna, ni na! Na hwaɗa rami, ƙahwata ta kariye! Ku taho, ruwa za shi tahiya da ni!"

Sai na ji daga sama, kusa ƙwarai, an ce, "Na'am."

Ashe sun jima a wurin. Ɗan kawuna da ya isa gida a firgice ya ba da labari, Inna ta tambaya ina baƙon Gusau, aka duba babu ni. Ta taso maza suka biyo ta da igiyar guga, amma da suka iso suka ji murya na fitowa daga ƙasa tana Kananci, sai kowa ya daskare. Wani ya ce ai ya riga ya cinye ni ne ya ɗauki muryata. Suna tsaye cikin ruwa suna saurare, ba mai iya matsowa, har sai da na yi wannan kururuwa.

Fuskar Inna na fara gani a bakin ramin, zanenta ya jiƙe sharkaf. Ta juya ta ce da mazan, "Ku jeho igiya, ɗan ƙanwata na! Ko sai ni tsohuwa na shiga?" Ɗan kawuna ne ya sauko da kansa ya ɗaura mini igiyar a ƙirji, yana kuka yana ba ni haƙuri. Ruwan ya kai mini hammata lokacin da suka jawo ni.

A ƙauyen aka yi mini ɗori, na yi jinya mai tsawo a ɗakin Inna. Abokina ya zo daga Tsafe duba ni, ya zauna ya kasa haɗa ido da kowa. Shi ya sake naɗar wani saƙon da muryarsa ta gaskiya yana bayanin cewa wasa ne. Wannan bai yi tafiya ko rabin na farkon ba. Mahaifiyata kuwa da aka ba ta labarin abin da na faɗa a cikin rami, sai da ta gama share hawaye sannan ta ce, "Ashe ka iya, Bakano."

Ban bar guruf ɗin ba, har yanzu ina leƙawa. Amma na fahimci abin da ya sa wasan ke mana daɗi: duk garuruwan da muke ba dodannin nan, ba mu da kowa a can. Ba mu taɓa tunanin akwai wata tsohuwa a Japan ko Rasha da za ta ji ta gaskata ba. Dodo in ba shi da gari, hoto ne kawai a waya. Ranar da ka ba shi gari, ka ba shi maƙwabta, kuma maƙwabtan da na ba nawa, dangina ne. In aka turo sabo aka ce ɗan ina ne, ni dai nakan ce ban san iyayensa ba.

Wata rana a lokacin jinyar nan, ina kwance Inna tana shafa mini man ɗori, na ce, "Inna, da kika ji na yi irin maganarku, shi ne kika tabbata ni ne ko?"

Ta girgiza kai. Ta ce, "Ban tabbata ba. Abin da ya iya aron murya, mi za shi hana shi aron magana? Cewa dai niy yi ga raina, in shi na, shi tahi da ni, na ci zamanina. In kau kai na, ba ni tsayi ina jin ɗan ƙanwata shina kirana har ruwa shi rufe mai baki."

Inna ta rasu bara, Allah ya jiƙanta. Ƙafar nan takan yi mini tsami duk lokacin da hadari ya haɗo, kuma har gobe in na ji karan dawa na karyewa gabana sai ya faɗi. Amma tun daga ranar, ko da tsakar rana ne, ko ban ga mai kirana ba, kira ɗaya ake mini in ce na'am.