Hannun Nomau Ma'auni

Shekara arba'in Nomau ya yi yana awon gero a kasuwar Gidan Rumji, kuma ko mai hassada ya yarda hannunsa daban ne. Zai cika tiya ta yi tozo, ya juye a buhu, ƙwaya ɗaya ba ta faɗi ƙasa ba. Kajin kasuwa ma sun gane babu rabonsu a rumfarsa. Shi kuwa bai taɓa gajiya da ba da wannan labari ba, ko an tambaye shi ko ba a tambaya ba.

Da tsufa ya zo, sai hannun ya soma rawa. Ya bar awo, ya ce wa mutane baya ke damunsa. Ana nan idonsa na hagu ya mutu a hankali, ba ciwo ba ja. A asibiti a Maraɗi aka ce hawan jinin ido ne, na dama kawai ya rage a ceta. Aka ba shi maganin ɗigawa, safe da yamma.

To, wa zai ɗiga masa? Matarsa ta rasu. Ɗansa Isma'ila yana kabu-kabu a Gazawa, sai jefi-jefi yake leƙo gida. Daga shi sai Hafiza matar ɗan nasa, wadda ko gaisuwa daga bakin ƙofa take yi a durƙushe, kanta a sunkuye. A ce suruka ta riƙe masa fuska? Ina! Sai ya riƙa shiga ɗaki ya saki labule, ya ɗaga kai, ya matsa kwalba. Ɗigon ya sauka a gira, ko a kunci, ko ya gangara cikin gemu. Ya shafo da yatsa ya goga a fatar ido, ya ce ai ko yaya ne ya shiga.

Bayan wata takwas Hafiza ta raka shi awon ido, don ya fara karo da turmi a tsakar gida. Likitar ta duba, sannan ta ce, "Baba, ɗiga in gani."

"Nan? Gaban yarinyar ga?"

"Nan ɗin."

Sau uku ya gwada. Na ukun a kan rigarsa ya sauka. Hafiza ta kafa ido a ƙasa. Kunya ta rufe Nomau har ya rasa inda zai ajiye kwalbar. Likitar ta ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma akwai sauran gani, in an samu mai ɗigawa.

Suka koma gida. Bayan la'asar Hafiza ta yi sallama, wannan karon ta shigo har tsakar ɗaki.

"Baba, ku kwanta. Ni ma kunyar nike ji, amma ba ta kai makanta ba."

Ya kwanta a tabarma yana kallon rufin ɗaki. Yatsunta masu ƙamshin daddawa suka ja fatar idonsa ƙasa, ɗigo ɗaya ya faɗa ciki. Ya zabura.

"Ke! Mi kika sa mini? Da zafi!"

"Shi ne dai naku, Baba."

Nomau ya yi lamo, ido a rufe. Sai yau ya san maganin yana da zafi.