Ƙanƙarar Azumi Daga Ƙonni

Duk lokacin da na buɗe firigo, sanyin ya bugi fuskata, sai in ji ƙanshin jiƙaƙƙen ƙaiƙayi. Za ka ce me ya haɗa ƙaiƙayi da ƙanƙara, to bari ka ji.

Gidanmu a bayan Tsarnawa yake, a tsakiyar gonarmu. Maƙwabta ma haka, kowa cikin gonarsa, shingen aguwa ne ya raba mu, sai ka ɗaga murya kafin a ji ka. Yawancin magidantan wurin a Ƙonni suke aiki, su tafi da safe su dawo da yamma. Baba masinja ne a wani buro, wato ofis, yana zuwa a kan tsohon babur ƙirar mobilet wanda muke gane tarinsa tun daga titi.

Inna ta daɗe tana son mu koma birni, don tana tsoron manyan motocin da ke bin titin nan. Mu yara kuwa lantarki muke so. Kaka, mahaifiyar Baba, ita ce ta ƙi. A gonar aka kawo ta amarya, a nan ta yi niyyar a ɗauki gawarta. Baba ɗan farinta ne, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma nuna ta damu da shi. In ya yi sallama, sai ta ci gaba da kaɗin audugarta kamar iska ce ta shigo.

A shekarun nan azumi cikin bazara yake faɗowa, zafi har ƙasa na ƙona tafin ƙafa. Kowace safiya Baba yakan cika buhu da ƙaiƙayin gero ya ɗaure a bayan mobilet. In ya tashi daga aiki sai ya sayi ƙanƙara, ya tura ta cikin ƙaiƙayin don kada ta narke, ya kamo hanya a guje. Kafin ya iso, yaran maƙwabta sun jeru da kwanoninsu. Ya fasa da bayan wuƙa, kowane gida ya samu ɗan gutsure.

Kaka ba ta taɓa karɓa ba. Randarta na binne cikin yashi mai laima a gindin bishiyar bedi, inda iska ke ratsawa.

"Ruwan da yay yi taurin kai haka, mi zan yi da shi?" in ji ta. "Ku ba ɗiya."

Wata rana aka kira salla, muka sha ruwa, babu Baba. Yaran maƙwabta suka koma da kwanoninsu wayam. Inna ta kasa cin komai, ta tsaya bakin shinge. Kaka tana kaɗi, amma na lura zaren sai tsinkewa yake.

Duhu ya fara shiga sa'ad da ya iso, a ƙasa, yana tura mobilet. Rigarsa ta yage, jini ya bushe a gwiwar hannunsa. Wata babbar mota ce ta matse shi har ya faɗa rami. Bai ko zauna ba, ya kwance buhun, ya lalubo abin da ya rage, bai fi ƙwan zabuwa ba. Ya durƙusa ya miƙa wa Kaka.

"Iya, yau dai ki taɓa."

Ta karɓa. Maimakon ta kai baki, sai ta kama hannunsa, a gabanmu duka, ta ɗora ƙanƙarar a kan ciwon, ta riƙe har ta narke. Ban taɓa ganin ta taɓa shi ba sai ran nan. Sannan ta juya wajen Inna.

"Ki hwaɗa mishi, bayan salla mu tahi birnin."

Muka yi ta tsalle. Ita kuwa ta tashi ta tafi gindin bedi, ta daɗe a can.

A Ƙonni gidan haya muka samu, tsakar gidan ko tabarma uku ba ta ci. Kaka ta binne randarta a lungu, amma katanga ta tare iska, ruwan bai ƙara yin sanyi ba. Da damina takan tambaye mu ko hadari ya haɗo, don ba ta ganin gabas. Ba ta taɓa cewa a mayar da ita ba. Damina biyu ta yi ta rasu.

Yau gonar an yanka ta filaye, an sare bedin, ƙanƙara kuwa har zubar da ita nake. Ina kewar wurin nan, kewa mai ciwo. Baba ya tsufa, yana wurina. In na kai masa ruwan firigo sai ya tsame ƙanƙarar, ya riƙe a tafin hannu, ba ya sha sai ta narke.