Zarton da ya kashe kansa

Jama'a, yau na sayi zarto mai lantarki, ya yi aikin minti biyu ya kashe kansa!

Kun san mangwaron ƙofar gidana a Unguwar Boro. Reshe ɗaya ya ranƙwafa kan rufin maƙwabciyata, Mama Ladi mai zoɓo. Kullum sai ta ce, "Baban Talatu, ka sare shi kafin iskar damina."

Da safe na shiga Sabon Tasha sayen zarto. Mai shago ya ce, "Oga, mai batir ko mai waya?"

Na ce, "Wanne ya fi ƙarfi?"

Ya ce, "Mai waya, amma sai da wuta."

Na ɗauki mai waya.

Kwana huɗu rabonmu da wuta. Ina isowa gida aka kawo! Unguwa ta ɗau ihu. Mama Ladi ta ruga ta jera zoɓonta a firji. Ni kuma na jona zarto na hau tsani.

Zarton na cin itace kamar ana yanka kabewa. Reshe ya karye, ya kauce wa rufin tsaf, ya faɗa kan wayar da ke kawo wa layinmu wuta. Ji kake tas! Zarto ya yi shiru. Firji ya yi shiru. Gida shida babu wuta.

Mama Ladi ta fito ta dubi waya a ƙasa, ta dube ni a kan tsani. Ta ce, "Sannu da aiki. Gobe ka karɓo mai batir ɗin, saura taransifoma."