Sunan Inna Aukje a Gindin Takarda

Duk wanda aka haifa a garinmu Holwaard a shekarun can, da wuya in ba hannun Aukje Roorda ne ya fara taɓa shi ba. Shekara arba'in tana ungozoma, ana ruwa ana ƙanƙara in an kira ta sai ta zo. Babba da yaro Inna suke ce mata, har magajin gari, don shi ma ta ga tsiraicinsa tun bai san sunansa ba. Bayan iya aiki, abu ɗaya aka san ta da shi: in ta ce za ta yi, to ka ɗauka an gama.

Siyasa kuwa ba ruwanta da ita. Sai a shekarar da ta ajiye aiki, wani lauya mai ofis a bakin kasuwa, Gerlof Siccama, ya tara masu kantuna da masu kiwon shanu suka kafa jam'iyya, suka raɗa mata Gida da Kasuwa. Ba masu zafin kai ba ne. A sassauta wa ƙananan 'yan kasuwa haraji, hukuma ta rage sa baki a harkar mutane, amma kada a taɓa gidan kula da tsofaffi, iyakarta ke nan. Sun dai gaji da babbar jam'iyyar da ta daɗe tana juya majalisar gari.

Wata Asabar Lauya ya zo gidan Inna, hula a hannu. Ta zuba masa kofi, ta buɗe gwangwanin biskit, ya ɗauki ɗaya, ta rufe.

"Inna, sunanki muke so a gindin takarda."

Kowa ya san wannan aikin. Jam'iyya kan jera 'yan takararta, shugaba a sama, can ƙarshe kuma a sa wanda gari ke ƙauna don ya turo jerin daga baya. Ba don ya ci ake sa shi ba.

"Ni da ko a taron coci ba na buɗe baki?"

"Ba sai kin buɗe ba. In ma kujera ta yi kuskure ta faɗo miki, sai ki sauka na sama ya hau."

Mijinta Douwe ya leƙo daga bayan jarida. "Wane kuskure? Wa zai zaɓi tsohuwar da ta mari ɗuwawun rabin gari?"

"Kai dai ji da jaridarka," in ji ta. Ta miƙa wa Lauya hannu. "Na yarda. In ta zo, taka ce."

Ran Laraba aka yi zaɓe. Ita kanta da ta ɗauki jan fensirin da ake zaɓe da shi, gurbin sunan Siccama ta cike. Washegari da safe ta shiga sayen burodi, sai kanti ya yi tsit, can kuma aka ɓarke da tafi.

"Barka da zuwa, 'yar majalisa!" in ji Hylke mai burodi.

"Hylke, ba na son shashanci da sassafe."

Ya shimfiɗa mata jarida a kan teburin kanti. Kujera ɗaya tak jam'iyyar ta samu. Lauya na da ƙuri'a ɗari biyu da 'yan kai, ita kuwa ɗari shida da sha ɗaya. Doka kuma a fili take: wanda jama'a suka cike sunansa da yawa haka, shi ke da kujera, ko ina yake a jeri.

Inna ta zauna a kan buhun fulawa, ta sake karantawa daga farko.

Daga nan gari ya hana ta sakat. A kasuwa Baukje mai kifi ta riƙe mata hannun riga.

"Inna, kada ki kuskura ki ba wa mai zaƙin bakin nan. Ke muka zaɓa."

"'Yata, na yi alkawari."

"Da mu kika yi shi?"

Inna ta zare hannun rigarta ta wuce. Tambayar nan ta bi ta har gida, ta hana ta cin abinci. Douwe, da tuni tsokana ta ƙare masa, ya ce, "Tsohuwa, takarda kika sa wa hannu?"

"Hannu na ba shi."

"To shi ke nan. Na san ki."

Ta rubuta wasiƙar sauka, ta kai wa magajin gari da kanta. Ya karanta sau biyu.

"Inna, kin tabbata? In na karɓa ba ta dawowa fa."

"Karɓi, Sietse, kada ka ja ni da magana."

Aka rantsar da Siccama. Mako bakwai bayan haka, da rana tsaka, Inna na feraye dankali rediyo na yi, sai ta ji an ce Gerlof Siccama ya koma babbar jam'iyya tare da kujerarsa. Da ita suka cika rinjaye, shi kuma an ba shi kula da harkar kasuwanni.

Wuƙar ta faɗi cikin ruwa. "Douwe, me aka ce?"

"Abin da kika ji na ji."

Ko hannu ba ta goge ba ta nufi bakin kasuwa. Ta tarar da shi yana cusa takardu a kwali.

"Gerlof, kujerar wa ka kai musu?"

"Inna, zauna mana. Mutum ɗaya tilo me zai iya a majalisa? Daga ciki ake gyara. Kuma doka ta ce kujera ta wanda ke kanta ce, ba ta jam'iyya ba."

"Ni ma haka doka ta ce mini."

"To, ai da kin riƙe abarki."

Ya faɗa ne ba da izgili ba, kamar mai ba da labarin ruwan sama. Ta daɗe tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa, sannan ta juya.

Taron ƙarshe na Gida da Kasuwa a ɗakin baya na gidan shan kofi aka yi shi, mutum tara. Kafin kofin ya huce an ɗaga hannu an rushe ta, wata goma sha huɗu da kafawa. Ba wanda ya dubi inda Inna take zaune.

Ƙuri'a a ɓoye ake jefa ta, ba ta san su waye ɗari shidan nan ba. Don haka ta ɗauki gari layi-layi, gida-gida, tana ƙwanƙwasa ƙofa tana cewa, "In kana cikin waɗanda suka zaɓe ni, na zo ba da haƙuri." Wata uku ta yi tana wannan yawo. Wasu suka ja ta ciki, wasu suka saurare ta daga bakin ƙofa.

Baukje mai kifi na cikin na bakin ƙofa. Ta bari Inna ta gama, sannan ta ce, "Inna, 'ya'yana uku ke kika karɓa, kuma da kina aiki na huɗu ma ke zan kira. Amma tunda nake, ban taɓa zuwa rumfar zaɓe ba sai saboda ke. Ba zan sake ba."

Ta rufe ƙofar a hankali. Inna ta ɗan tsaya a kan dakali, ta gyara mayafin wuyanta, ta matsa gida na gaba.