Hasken Da Baba Ya Nema

Shekarar da na gama karatu na dawo Kura da tsohuwar laftof gwanjo, wadda na ɗora wa manhajar kyauta don a san na yi boko. Komai nata yana aiki sai maɓallan ƙara haske. Allon dishi-dishi yake, ni kuwa ban damu ba tunda idona garau ne.

A cikinta akwai hoton Inna, mahaifiyata, guda ɗaya tak da aka taɓa ɗaukarta kafin ta rasu. Na asalin yana wajen yayata a Madobi, ruwa ya fara cinsa, shi ya sa na kwafe shi. Baba kuwa ciwon yanar ido ya rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya kama hanya. Ran nan da hantsi a zaure ya ce in nuna masa hoton. Ya kai fuska har hancinsa na taɓa allon, ya ce inuwa kawai yake gani. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na san akwai wani ɗan fayil a can cikin tsarin na'urar da ke riƙe da lambar haske. Na rubuta ɗari a cikinsa, ya ƙi karɓa. Na sake, ya ƙi. Gumi ya karyo mini.

Baba ya shekara ashirin yana buɗe ƙofar ruwa a kanal ɗin gonakinmu. Ya ce, "Me kake ta ƙwanƙwasa?" Na yi masa bayani cikin ƙosawa.

Ya ce, "To ka duba iyakar ƙofar kafin ka murɗa? Kowace da inda take tsayawa."

Kunya ta kama ni. Kusa da fayil ɗin akwai wani da ke faɗin iyakar. Na karanta, bakwai ne, hasken kuma yana kan ɗaya. Na rubuta 'yan layukan umarni da za su fara karanta iyakar, sannan su ɗaga hasken zuwa can. Allon ya washe.

Baba ya sake matso da fuskarsa ga allon. Ya sa yatsa a kan ɗankwalinta, ya ce shi ya sayo mata a kasuwar Bunkure. Ni dai ban taɓa ƙaunarsa kamar ranar ba.

Can ya ce, "Rage kaɗan. Ba ta son haske a ido."

Na mayar da shi shida.