Ƙwallon da Ba a Jefa Ba

A wani ƙaramin gari na jihar Iowa babu mai kiran Lonnie Prevatt da sunansa, Kunkuru ake ce masa. Tun yana saurayi yake buga besbol, wasan dukan ƙwallo da kulki, a ƙananan ƙungiyoyi, har furfura ta leƙo a gemunsa, kuma bai taɓa fuskantar mai jifa ba sai ya gama hidimarsa: ya kwance safar hannu ya ɗaure, ya tsuguna ya ɗebi jar ƙasa ya murza, ya dubi sama ya ja numfashi. 'Yan kallo su yi ta dariya suna ɓare gyaɗa. Ba su san hannunsa rawa yake yi ba, ƙasar nan ce kaɗai ke lallashinsa.

Sai aka kafa agogo a filin. Mai bugun da bai shirya a kan lokaci ba, a ɗora masa kuskure ɗaya. In sun cika uku, ya fita. Tun daga ranar kulkin Lonnie ya daina gaisawa da ƙwallo.

Ranar Lahadi Hoyt, kocinsu, ya ja shi gefe.

"Dattijo, in yau ma ba ka taɓa ƙwallo ba, gobe motarmu za ta tashi babu kai."

"Koci, in tafi ina? Ban iya komai ba sai wannan."

"To, bar ƙasa ta huta, ka yi bugu."

Da la'asar ya fito bugunsa na ƙarshe. Jifan farko ya wuce shi, kuskure ɗaya ke nan. Ya nemi hutun nan guda da aka yarje wa mai bugu, ya murza ƙasa a gurguje, ba ta ratsa shi ba. Jifa na biyu, iska ya daka, kuskure ya zama biyu.

Mai cafe ƙwallo na abokan hamayya, da ke tsugune a bayansa, ya ce, "Kaka, in kawo maka kujera ne?"

Kulkin na karkarwa kamar karan masara a iska. Lonnie ya ji Hoyt na ihu, "Kar ka duƙa!" Amma gwiwarsa ta riga kunnensa. Yatsunsa na cikin ƙasa alƙalin wasa ya nuna agogo ya ce, "Na uku. Ka fita."

Ba a ma jefa ƙwallon ba.

Wasa ya ƙare ke nan, 'yan wasa suka watse. Lonnie ya miƙe, ya dubi sama, ya ja numfashi, ya ɗaga kulki. Hannun ya tsaya cak, babu ko gezau. Sai dai tudun da mai jifa ke tsayawa babu kowa a kai.